Jagorar Kula da Lafiyar Kare ga Masu Kiwo, Masu Kai Gasa da Masu Tsintar na Titi

Karya ta farko da ta haihu a hannuna ta haifi 'yan kwikwiyo bakwai, biyu ne suka kai wata uku. Ban yi sakaci da abinci ba, ɗakinsu ma kullum a share yake. Abin da ya faru shi ne wani mai saye ya zo dubawa, ya shiga har cikin kejin da takalminsa, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan. Ashe daga wani gidan kiwo yake, inda fabo, wata cuta mai saurin yaɗuwa da ke kashe 'yan kwikwiyo, ta kwana uku tana kisa, mai gidan kuma ya yi gum don kada kasuwarsa ta faɗi. Kwana biyar bayan nan amai da zawon jini suka fara a wurina.

Tun daga ranar na daina kallon lafiyar karnukana a matsayin abin da ke tsayawa a bakin ƙofata. Cuta tana bin takalmi, tana bin tayar babur, tana bin karen da aka kai barbara ko aka kai gasa. Don haka wannan jagora tana tafe da abu biyu a haɗe: abin da za ka yi da hannunka, da abin da sai an haɗa kai da sauran masu karnuka.

Na san a ƙasar Hausa akwai masu ƙyamar kare, kuma ba gardamar fiƙihu na zo yi ba. Malamai sun yi bayanin halaccin riƙe shi don farauta, da tsaron dabbobi, da gadin gona. Wanda ya riƙe shi kuwa, ci da sha da maganinsa sun hau wuyansa.

Mataki na farko: kafin kare ya taka gidanka

Fara da zaɓen irin da zai iya da yanayinmu. Karen gida, wanda mafarauta suka daɗe da shi, ya fi kowane jure zafi da kaska. Azawak, dogon siririn karen nan na Buzaye daga yankin Azawak tsakanin Nijar da Mali, shi ma ɗan ƙasa ne, ko da yake yanzu Turai da Amurka sun fi mu ɗaukaka shi. Bowabol ɗan Afirka ta Kudu ne, gashinsa gajere, yana iya zama idan akwai inuwa. Alseshan da Rotwaila suna yi, amma da ɗawainiya. Kokeshiyan kuwa, mai gashi kamar bargo, an halicce shi ne don duwatsu masu ƙanƙara. A Jos ko Mambila zai sake, amma wanda ya ɗaure shi a tsakar gida a Sakkwato cikin watan Afrilu azabtar da shi kawai yake yi.

Idan ka je saye, kada ka yarda a kawo maka kwikwiyo bakin titi a cikin kwali. Je gidan, ka ga uwar, ka ga inda suke kwana. Kwikwiyon da bai cika mako 8 ba a bar shi da uwarsa. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai haske, wanda ya yi fari fat kuwa tsutsa ko kaska sun sha jininsa. Duba ido ko akwai kwantsa, duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo. Tumbin da ya yi tulu alhali haƙarƙari a waje, tsutsa ce.

Sai katin rigakafi. Katin gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar aka manna, da sa hannu da hatimin likita. Wanda aka rubuta da biro kawai, ɗauke shi tamkar ba a yi komai ba, ka sake daga farko. Araha ba ta ado, kwikwiyon da aka sauke maka farashinsa da rabi yawanci akwai dalili.

Mataki na biyu: killacewa

Duk karen da ya shigo, saye ne ko kyauta ko tsintuwa, a ware shi mako 2 zuwa 3 nesa da sauran. Kwanonsa daban, tsintsiyarsa daban, kuma shi za ka riƙa yi wa hidima a ƙarshe, bayan ka gama da na gida. Ajiye silifas guda a ƙofar wurin wanda ba ya fita ko'ina. Yawancin cututtukan da muke tsoro suna bayyana a cikin waɗannan kwanaki. Baƙo mai son ganin 'yan kwikwiyo kuma ya tsaya daga waje, ka ɗago masa ya gani. In ya ji haushi, ya ji.

Mataki na uku: rigakafi, da dalilin da ya sa allura ɗaya ba ta isa

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan zauna a kai.

Kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa, wato nonon farko na kwana ɗaya zuwa biyu. Wannan kariya tana raguwa a hankali, kuma matsalar ita ce muddin tana da ƙarfi a jikinsa, takan kashe tasirin allurar rigakafi. A wani kwikwiyon takan ƙare a mako na 6, a wani sai mako na 14 ko fiye, kuma ba mai iya ganewa da ido. Shi ya sa ake maimaita allurar: ta farko a mako 6 zuwa 8, ta biyu a mako 10 zuwa 12, ta ƙarshe idan ya cika mako 16. Ana harbi sau uku ne don a dace da lokacin da ƙofar ta buɗe. Wanda ya yi guda ɗaya a mako na 6 ya tsaya, caca ya yi.

Allurar da aka fi samu a wurinmu ita ce mai haɗe da cututtuka biyar, wadda za ka ga an rubuta DHLPP a jikinta. Tana kare distemfa, da ciwon hanta mai yaɗuwa, da leftosfira da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, da fabo, da wata cutar tari. Ta ciwon haukan kare daban take, ana yin ta idan kwikwiyo ya cika wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara kamar yadda likitocinmu suke yi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana sarrafa allurar hauka ta karnuka, akwai kuma waɗanda ake shigowa da su daga waje.

Allurar rigakafi tana rayuwa ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kwalbar da ta wuni a aljihun mai babur, ko ta kwana uku a firjin da ba wuta, ruwa ce kawai. Tambayi mai sayarwa yadda yake riƙe sanyi idan an ɗauke wuta, kuma kada ka karɓi allurar da ba daga cikin kula mai ƙanƙara aka fito da ita ba. Kada a yi wa kare rigakafi yana zazzaɓi ko zawo. Kuma kafin mako 2 su wuce bayan allurar ƙarshe, kwikwiyo ba shi da abin yi a titi, ko kasuwa, ko filin gasa.

Idan fabo ta riga ta shigo, za ka ga kwikwiyo ya ƙi abinci, ya yi laushi, sai amai, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni wanda duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Babu allurar da ke kashe ƙwayar, abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, da maganin tsayar da amai, da maganin da zai hana wasu ƙwayoyin cuta shiga jini. Ranar farko ake kai shi asibiti, wanda ya jira rana ta uku yawanci gawa yake ɗaukowa. Ƙwayar fabo, wadda duniya ta fara sani a 1978, tana iya zama a ƙasa watanni har shekara. Yawancin magungunan wanke ƙasa masu ƙamshi ba sa taɓa ta. Bilic ne maganinta: kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, bayan an kwashe kashin an wanke da sabulu, a bar shi ya jiƙa minti 10. Tsakar gida mai turɓaya ba ta wankuwa, don haka kada a sake sa kwikwiyon da bai gama rigakafi ba a wurin.

Distemfa kuma takan fara da kwantsa da majina mai kauri da tari, daga baya ta hau kai, kare ya riƙa karkarwa ko taunar iska kamar mai farfaɗiya. Wanda ya tsira ma sau da yawa yakan rage da ɓari har ƙarshen rayuwarsa.

Mataki na huɗu: tsutsa, kaska da ƙazuwa

Kusan kowane kwikwiyo da tsutsa ake haihuwarsa, domin tana ratsawa daga uwa tun yana ciki ko ta nono. Ana ba da maganin tsutsa a mako na 2, na 4, na 6 da na 8, sannan duk wata har ya cika wata 6, daga nan duk wata 3. Auna nauyinsa tukuna, kada ka yi kirdado. Tsila, wadda za ka ga gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa, tana buƙatar magani mai sinadarin firazikwantel, kuma ƙuma ce ke kawo ta, sai an kashe ƙumar. A kwashe kashin kare kullum, musamman gidan da yara ke wasa da ƙasa, don wasu tsutsotsin suna kama mutum.

Kaska ita ce babbar abokiyar gabarmu. Jar kaskar kare ba a daji take zama ba, a tsagar bango da ƙarƙashin kwanon rufi da ramukan bulo take ɓuya, kuma mace guda tana zuba ƙwai dubbai. Wanda ya wanke kare ya bar ɗakin, aikin banza ya yi. A yi feshin bango da ƙasa, a fitar da karnukan har wurin ya bushe, a toshe tsagogi da siminti. A jikin kare kuwa akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard mai aikin wata guda da Bravecto mai aikin mako 12. Suna da tsada, amma lissafa kuɗin jinyar zazzaɓin kaska ka gani. Amitiraz na wanka ya fi araha, sai dai a bi ma'aunin da likita ya faɗa, kada a yi wa ƙananan 'yan kwikwiyo, kuma kada a bari kare ya lashe.

Zazzaɓin kaska yana zuwa da kasala, dasashi ya yi fari ko rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, wani lokaci da haɓo. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne suka fi kawo shi, babesiya da elikiya, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake ɗibar jini a duba. Ta biyun tana buƙatar doksisaikilin har kwana 28, ko da kare ya warware a mako na farko. Ina roƙon masu kiwo da su daina ɗaukar allurar sammore ta shanu suna yi wa kare mai zazzaɓin kaska da ka. A jikin kare tazarar da ke tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan ƙari kaɗan sai ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Ƙazuwa kuma, wadda ke zubar da gashi ta bar fata kamar ta kuturu, tana warkewa sarai da maganin asibiti. Baƙin mai, kalanzir da fiya-fiya da ake shafa musu sun kashe karnuka da yawa da ƙazuwar ba za ta kashe ba. Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo ta zauna kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya. Shafa man basilin a bakin ramin, iska ta yanke mata, sai ka matse a hankali ta fito ɗungurungum, ka wanke wurin. Maganin dawowarta shi ne busasshen wurin kwana.

Mataki na biyar: ci da sha, da zafin bazara

Ba dole sai abincin buhu ba. Tuwon masara ko shinkafa da kan kifi, ƙafar kaza, ƙwai da kayan ciki daga kwata suna riƙe kare, in dai naman ya kai yadda ya kamata. Ɓarɓashin taliya da ake sayowa buhu-buhu yana cika ciki ne kawai. A dafa kayan ciki sosai, huhu ko hantar da ke da ƙulli mai ruwa kuma a binne, domin ta nan wata tsila mai haɗari ga mutane take zagayawa. Masarar da ta yi fumfuna tana lalata hantar kare. Kwikwiyo yana ci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Manyan karnuka masu faɗin ƙirji kada a cika musu ciki sau ɗaya sannan a sake su gudu, cikin yana iya murɗewa, kuma wannan kisan sa'o'i ne.

Abubuwan da ba a ba kare: albasa da tafarnuwa masu yawa, don haka sauran miyar gida ba abincinsa ba ne, cakulan, inabi da zabibi, goro, dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. Haka maganin ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen da dikulofenak, suna huda masa ciki su kashe ƙoda. Farasitamol ma sai da izinin likita.

Zafin jikin kare mai lafiya digiri 38 ne zuwa 39.2, a dubura ake aunawa. Sayi ma'aunin zafi, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Daga Maris zuwa Mayu a fita da shi da asuba ko bayan magariba, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa. Idan ka ga yana haki ba tsayawa, harshe ya yi ja wur, yana tangaɗi, kai shi inuwa, ka kwarara masa ruwan randa a ciki da hammata da cinyoyi, ka yi masa fifita, sannan a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi.

Mataki na shida: ciwon hauka

Wannan ya wuce maganar kare, maganar ran mutum ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba. Akwai mai shiru, wanda muƙamuƙinsa ke saki, yawu na dalala, ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa a wuya. Kada ka kuskura ka zura hannu a bakinsa.

Idan kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, a duba agogo. A zuba aidin ko sifirit. Kada a ɗaure raunin, kada a yi gaggawar ɗinkewa. A tafi asibiti a ranar don fara allurai, waɗanda a yawancin asibitocinmu ake yi a ranar farko, sai rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28. Cizo mai zurfi, ko na fuska da wuya da hannu, yana buƙatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa. Ƙona gashin karen a shafa, ko cin hantarsa, ba ya hana komai.

Karen da ya yi cizon kuma kada a yi saurin kashe shi a jefar. A tsare shi kwana 10 ana ba shi abinci, in ya wuce su lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. In ya mutu ko dole ta sa an kashe shi, a kira likitan dabbobi ya ɗauki kan zuwa gwaji, kada a fasa kan. Duk mai yawan taɓa karnukan da bai san asalinsu ba, ya je a yi masa rigakafin tun kafin cizo.

Mai kiwo don sayarwa

Karya tana neman namiji kusan duk wata 6. Kada a ba ta a zuwan farko, a bari ta kusa shekara 2, kuma a riƙa tsallake mata zuwa ɗaya tsakanin haihuwa da haihuwa. Kafin barbara a duba katin duka biyun, a duba al'aurarsu. Akwai wani tsiro mai zubar da jini da ke yaɗuwa ta barbara, ya yi yawa a karnukan da ke yawo. Yana warkewa da allurar binkiristin mako-mako a hannun likita, amma namiji guda mai farin jini zai iya raba shi ga gari guda. Karyar da ke yawan ɓari a ƙarshen ciki a gwada ta, akwai cutar burusela. Kada a haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa don neman launi, kuma karen da ke jan ƙugu tun yana matashi a cire shi daga kiwo komai kyansa.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan ƙari ko ragi. Kusan kwana guda kafin haihuwa zafin jikinta yakan sauka zuwa wajen digiri 37. Kira likita idan ta yi minti 30 tana nishi mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko sa'a 2 ta wuce tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura, ko koren ruwa ya zubo kafin na farko. Allurar naƙuda a hannun wanda bai duba ko hanya a buɗe take ba tana fasa mahaifa.

Mai kai gasa

Gasar karnuka a Ingila ta samo asali, an yi ta farko a Niyukasil a 1859, kuma babbar gasar da ake kira Crufts da ake yi a Bamingam tun 1891 take gudana, ko da yake a Landan ta fara. Yanzu ana shirya irin wannan taro a manyan biranenmu. Darasi guda daga can ya cancanci ɗauka: a 2012 masu shirya Crufts suka sa likita ya duba zakarun wasu nau'o'i kafin a tabbatar musu da kambu, kuma wasu, har da na Buldog da Fekinis, suka faɗi. Kyan da ke hana kare numfashi ko tafiya ba abin ba wa kyauta ba ne.

Masu shiryawa su sa likita a ƙofa, ba kati ba shiga, ko karen wane ne. Kai kuma ka tabbata allurarsa ta kwana 14 aƙalla, ka tafi da ruwanka da kwanonka, kada ka bari ya shinshina kashin wani. Yi tafiyar da sassafe, kada ka bar shi cikin mota a rufe ko na minti biyar. In kun dawo, ware shi mako 2 kamar baƙo, domin tarin da ake kwasowa a taro sai bayan kwanaki yake fitowa.

Mai tsintar na titi

Da yawa daga karnukan da ake tsinta a Kaduna ko Abuja ba 'yan titi ba ne tun asali. Wani ne ya saya don burga, abinci ya gagare shi, ya buɗe ƙofa. Kare mai ciwo yana cizo ko da mai hankali ne, don haka matso ta gefe, kada ka ƙura masa ido, ka jefa masa abinci, ka sa masa igiya daga nesa. Ana iya yin takunkumi da tsumma mai tsawo, a naɗe baki a ɗaure bayan kunnuwa, in dai ba amai yake yi ba ko numfashi na yi masa wuya. Wanda ke dalalar da yawu ko tangaɗi ba dalili, bar shi, ka kira ma'aikatan dabbobi.

Wanda yunwa ta rame da shi kada a cika masa kwano, zai iya mutuwa a kan abincin. Kaɗan-kaɗan sau 4 zuwa 6 a rana, a ƙara a hankali cikin mako guda. Sai tsutsa da kaska, sai rigakafi idan ya farfaɗo, sai fiɗiya ko cire mahaifa kafin a ba wani. Mai karɓa a je a ga gidansa, a kuma yi sharaɗin cewa in ya gaza ya dawo da shi. Ka san iyakarka: mai ɗaki biyu da ya tara kare ashirin ya buɗe gidan yaɗa cuta ne.

Mataki na ƙarshe: ku haɗa kai

Masu kiwo suna ganin masu ceto a matsayin masu tsegumi, masu ceto suna ganin masu kiwo a matsayin 'yan kasuwar da ke cika titi da karnuka, masu gasa kuma suna raina kowa. Kaska dai ba ta san wannan rabe-raben ba. Mutum goma a unguwa ɗaya sun isa su fara.

Ku nemi likita guda mai rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa, ku yi yarjejeniya da shi ya riƙa zagayowa duk wata. Abin da ya fi ƙarfinsa, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Allurar hauka takan zo a kwalba mai ɗaukar kare 10, in kun haɗa karnukanku rana ɗaya kuɗin kowa ya sauka, sanyin allurar ma ya fi tabbata. Ku buɗe asusu irin na adashi, kowa ya zuba abin da aka yanka duk wata, a rubuta a littafi, mutum biyu su riƙe, kuma a fayyace tun farko abin da ake fitar da kuɗi dominsa: tiyatar haihuwa, saran kububuwa, karen da mota ta buge.

Ku rubuta sunayen karnukan da za su iya ba da jini: mai nauyin kilo 25 zuwa sama, shekara 1 zuwa 8, cikakken rigakafi, ba kaska. Ranar da zazzaɓin kaska ya tsotse kwikwiyon wani da tsakar dare, wannan takarda ce za ta yi aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Doka mafi wuya ita ce ta faɗin gaskiya. Duk wanda fabo ko distemfa ta shiga gidansa ya sanar a ranar, ya rufe saye da sayarwa da barbara har likita ya sallame shi. Sauran kuma kada su mayar da shi abin gori, domin in aka kunyata na farko, na biyu ɓoyewa zai yi. Ku taimaka masa da bilic da ledar ƙarin ruwa, wani ya karɓi masu sayensa ya riƙe masa su. Mai kiwo ya amince zai karɓi duk karen da ya fito daga gidansa in mai shi ya gaza, mai keji a sarari ya ba mai ceto aron ɗaki na mako uku. Abu guda da za ku hana junanku shi ne rubuta wa juna allura daga ganin hoto a waya.

Kada ku manta da mafarauta da masu gadin gona da Fulanin rugagen kusa, karnukansu sun ninka naku, kuma su ne suka fi cuɗanya da namun daji. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, ciwon hauka yakan daina zagayawa, abin da zuba guba a bola bai taɓa yi ba, don wasu karnukan ne ke zuwa su cike gurbin. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon hauka ta duniya, kuma ma'aikatun dabbobi na jihohi sukan yi allura kyauta ko da rangwame a lokacin. Tun watan Agusta ku je ofishinsu ku ji tsarin bana, ku sanar da mai unguwa da sarkin baka, ku nemi fili mai inuwa, ku tanadi kula biyu da ƙanƙara da igiyoyi, da littafin da za a rubuta sunan mai kare, launin karen da ranar da zai dawo baɗi.